Mai Kiran Sunayen Maginan Navdara

Kafin rana ta taɓa kan duwatsu, Baba Gulnazar ya riga ya kurɓi shayinsa mai gishiri, ya saɓa shebur, ya bi gefen magudanar da ke shayar da Navdara. Shi ne mai rabon ruwan ƙauyen tun gashinsa yana baƙi.

A bakinsa asalin garin yake. Akuyar wata tsohuwa, Bibi Savri, ta ɓata a shekarar yunwa, ta dawo da jiƙaƙƙun kofatai. Aka bi sawunta har gindin ƙanƙarar da ke kan duwatsu, kowane magidanci ya sassaƙa yankinsa na magudanar a jikin dutse, ruwa ya sauko, alkama ta tsiro, gari ya zaunu.

Duk shekara, ranar yasar magudana, Baba yakan tsaya a kowace kwanar magudanar ya kira sunan wanda ya haƙa ta. Jikoki su ce "Muna nan," su shiga su yashe rabon kakansu. Sunan da aka rasa mai amsawa, a al'ada, ba a sake kiransa.

Sai samari suka kwashe zuwa Rasha neman aiki, gidaje suka rufe. Wata shekara Baba ya kira sunan Shodmon, ɗaya daga cikin maginan, shiru, sai kukan ruwa. Ya dubi ƙasa, ya ce "Muna nan," ya tsunduma cikin laka.

Zarbonu, matar ɗansa, ta yi dariya. "Baba, yaushe ka zama jikan Shodmon? Mutumin da shi da kakanku ko gaisawa ba sa yi."

"Ke dai riƙe sheburki, 'yar nan. Ruwan shayinki ta nan ya biyo."

Kai ne ka amsa wa matattun da ba naka ba, Baba. Shekara bayan shekara kana yashe rabon mutanen da ba su san ana yi ba, don kada garin ya manta wanda ya ba shi ruwa.

Bana gwiwa ta ƙi, a kan jaki aka kai shi kiran ƙarshe. A kwanar Shodmon ya kira sunan, ya dubi lakar da ba zai iya shiga ba. Zarbonu ta tuɓe takalmi.

"Muna nan," in ji ta.

Mun gode, Baba Gulnazar, ka huta. Ku kuma da ke nesa, baɗi za a sake kira. Ku zo ku amsa.