Muryar Baba Lallashi

A unguwarmu ba wanda yake kiransa da sunan yanka. Baba Lallashi ake ce masa, kuma aikinsa ne ya jawo masa sunan. Ma'aikaci ne a wani ƙaramin banki da ke ba masu sana'a rance: teloli, kafintoci, masu gyaran babur. Idan lokacin biya ya wuce, shi ake aikawa ya tuna wa mutum. Aiki ne mai jawo ƙiyayya, amma ya yi shi har furfura ta cika masa gemu ba tare da ya yi maƙiyi ba.

Dalili kuwa wata ƙa'ida ce da ya kafa wa kansa: ba ya ambaton bashi a gaban iyalin mutum ko yaran shagonsa. Yakan zo da tsohon kekensa, ya jingine shi, ya yi ta gaisuwa har ta gundure ka, sa'an nan ya ce, "Maigida, ɗan raka ni bakin titi." A can, nesa da kunnuwan jama'a, yake faɗin abin da ya kawo shi. Kowa ya san ma'anar rakiyar, amma ba wanda ya taɓa jin maganar da kunnensa, saboda haka mutum yakan koma shagonsa da mutuncinsa.

Ana haka aka kawo sabon manaja, shi kuma ya kawo abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato na'ura mai karanta bayanan masu rance, ta gane wanda zai makara, ta kira shi a waya da kanta. Abu ɗaya ta rasa, shi ne muryar da mutane ba za su kashe wa waya ba. Manaja ya ce, "Baba, duk bankin nan ba mai murya irin taka. Ka taimaka mana."

Aka riƙa zaunar da shi a wani ɗaki da aka liƙa wa soso a bango, yana maimaita gaisuwa da lallashi a gaban makirufo. Yana alfahari da abin ƙwarai. Ya taɓa ce mini, "Malam, ni ma na zama malamin makaranta, kuma ɗalibata ba ta guduwa daga aji." Ya sa hannu a takardar yarjejeniya inda aka nuna masa. Da ɗalibar ta iya karatunta, aka yi masa ritaya, aka ba shi agogon bango.

Ba zan yi wa na'urar ƙazafi ba. Tana bayyana wa waɗanda ba su iya karatu ba sharuɗɗan rance da magana mai sauƙi, kuma ta raba tsofaffi da tsayuwa a layi. Amma ba ta da ido, ba ta san wanda ke tsaye kusa da wayar ba, kuma ba wanda ya koya mata ta tambaya.

Kafintan da ke bayan gidana abokin Baba Lallashi ne tun suna yara. Wata rana hannuwansa sun yi kaca-kaca da gam, wayarsa ta yi ƙara, sai ya sa babban ɗansa ya ɗauka ya buɗe sifika. A shagon akwai yaransa, akwai kuma shugaban wata makaranta da ya zo ba shi aikin kujeru. Muryar ta ce, "Maigida, ina gajiya? Yaya iyali?"

Kafinta ya yi dariya ya ce, "Kai tsoho, ritaya ta hana ka fitowa? Ko keken ne ya mutu ya bar ka?"

Muryar ta ci gaba cikin taushi: lokacin biyansa ya wuce, kuma bayanai sun nuna yana cikin waɗanda ake shakkar za su iya biya. Shugaban makaranta ya ce zai sake dawowa, bai kuwa dawo ba.

Da yamma kafinta ya tarar da abokinsa a ƙofar gida. Ina zaune a wurin.

"Ni za ka tona wa asiri a gaban ɗana?"

"Wallahi ba ni ba ne. Na'ura ce."

"To muryar wa na ji? Ta kakata?"

"Ka saurare ni, aboki..."

"Ai na saurare ka, har da baƙona. Ka gaya mini abu ɗaya: sayar musu da ita ka yi, ko kyauta ka ba su?"



Washegari Baba Lallashi ya sa rigarsa mafi kyau ya tafi banki ya roƙi a cire muryarsa. Manaja ya karɓe shi da fara'a, ya ce yarjejeniya ta riga ta ɗaure shi, ya kuma ba shi lambar kai ƙorafi. Da ya kira lambar, muryarsa ce ta amsa, ta yi masa sannu, ta tambaye shi yaya iyali.

Daga nan ya bi shaguna ɗaya bayan ɗaya yana bayani. Mutane suka ce sun fahimta, kuma na yarda sun fahimta. Sai dai wayar ba ta daina kira ba, a gaban mata, a gaban surukai, a gaban masu ciniki. Har ya kai ga in ya yi sallama a shagon telan unguwa, sai ka ga telan ya zabura kafin ya ɗago kai. Mutumin da gaisuwarsa ke gundurar jama'a ya koma ɗaga hannu kawai ya wuce. Kafinta ya aurar da ɗansa, bai aika masa da sanarwa ba.

A bara Baba Lallashi ya sa haya a gidansa, ya koma wurin 'yarsa a wani gari mai nisa inda ba wanda ya san muryarsa. Ta ce mini yanzu yakan ɗan yi hira da maƙwabta. Ban gaya mata abin da na ji ba, cewa bankin yana shirin buɗe reshe a garin.