Ranar da Aka Shiga Kogo Neman Abokina

Shekarun baya, lokacin ina yawan zuwa Guangzhou ta ƙasar China saro kaya, ina da wani aboki ɗan Maraɗi. Tare muke kama ɗaki, tare muke zagaya baje kolin Pazhou har ƙafafu su kumbura. Shi yadi yake saye, ni kayan wuta. Aikinsa tsokanata, wai Bakano bai san sahara ba sai a kalanda, bai san teku ba sai ta tagar jirgi.

Wata rana ya shigo da takardar wani kamfanin yawon buɗe ido. Wai akwai wani wurin shaƙatawa na gwamnati can bakin teku, mai tudun yashi kamar hamada, ga wasu tsofaffin koguna a cikin dutse. Ya biya mana mu biyu, ya ce zai je ya ga saharar 'yan China ya yi dariya. Sai lodin kaya ya riƙe mu, muka ɗaga tafiyar zuwa baje kolin kaka.

Kafin kaka ta zo, Allah ya yi masa rasuwa a gida. Zazzaɓin kwana uku. A waya na ga saƙon. Kuma abin kunyar da zan faɗa muku, ban je Maraɗi ba, ban ma kira mahaifiyarsa ba. Kullum sai in ce gobe. Har wata huɗu.

Da na koma Guangzhou na tarar da takardar a aljihun jakata, na ce bari in je kawai. Da safe a bakin motar, ma'aikacin kamfanin ya ga suna biyu, ya yi wa duka biyun alamar sun zo, ya miƙo min jar hula biyu irin wadda suke raba wa 'yan yawo. Hannuna ya saba karɓar komai bibbiyu, makulli biyu, katin shiga biyu. Na karɓa, na sa ɗaya, na ajiye ɗaya a kujerar kusa da ni.

Motar cike take da tsofaffin 'yan China, mata da maza, ana ta hira ana ɓare gyaɗa. Ni kaɗai ne baƙar fata. Ba wanda ya ƙi ni, amma ba mai jin maganata, ni ma ba na jin tasu in ba ta ciniki ba.

Muka isa saharar. Jama'a, tudu ne dai na farin yashi, wanda ɗan akuya zai haye bai yi haki ba. Sai dai daga samansa kana hango teku shuɗi har iyakar ganinka. Na juya in faɗi wata magana, bakina har ya buɗe, na ga ba wanda zan faɗa wa. Na zauna ina kaɗe yashi daga takalmi.

Daga nan aka kai mu kogon. Ashe dokar wurin, yawan mutanen da aka rubuta sun shiga, shi za a ƙirga a fita. Yarinyar da ke mana jagora, mai ɗauke da 'yar tuta, ta ba masu gadi adadin da ke takardarta. Muka shiga cikin sanyi da ɗigar ruwa, aka nuna mana inda mutanen dā suka hura wuta har rufin ya yi baƙi. Da muka fito ta ƙirga mu, ta sake ƙirgawa, babu mutum ɗaya. Ta duba takarda, ta dube ni, ta ce da guntun Turancinta, "Lawban, ina abokinka?" Lawban shi ne maigida a wurinsu.

Na sunkuyar da kai. Ita kuwa ta ɗauka ban gane ba. Kafin ka ce kwabo an tsayar da masu shiga, masu gadi biyu sun ɗauki tocila sun koma ciki, suna ƙwala kiran sunan abokina. Ba su iya faɗinsa daidai ba, amma kogon yana maido da shi sau biyu, sau uku.

Wallahi na san ya kamata in tsayar da su. Amma tun da na sauka garin nan ba wanda ya ambaci sunansa. Na tsaya kamar gunki, ƙato da ni da jar hula, ina saurare. Sai da na ga wata tsohuwa ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa saboda mutumin da ba ta taɓa gani ba, sannan na ciro waya na rubuta a manhajar fassara: bai zo ba, ya rasu wata huɗu da suka wuce. Wannan ne karon farko da na faɗi maganar, ko da a rubuce.

Yarinyar ta karanta musu. Direba ya yi ta faɗa, kuma da gaskiyarsa. 

Da la'asar aka sauke mu a bakin teku. Kowa ya kama ɗaukar hoto, ni na yi nisa da su, na yi alwala na yi sallah a kan yashi, sannan na nemo lambar mahaifiyarsa.

Na ce, "Hajiya, ni ne na Kano. Na kira in yi gaisuwa. Ya haƙuri?"

Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki, ɗana. Kullum 'yan gida suna cewa ka manta da mu, ni kuwa ina ce musu wanda bai iya kira ba shi ne abin ya fi dukansa."

Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba tun farko.

Yanzu in na ji rasuwa, ko ina kan layin shiga jirgi ne, fita nake in kira a take. Ba wai na iya magana ba ne, har yau in-ina nake yi. Na dai gane ba kalma mai daɗi ake jira daga gare ka ba, muryarka ake son ji. Hajiya ta rayu shekara uku bayan nan, kuma duk Juma'a sai mun gaisa.