Awakin Dela da Wayar Biyan Wata-wata

Dela ta Garhanga ta tsufa tana kiwon awakin mutane. Sharaɗin bai taɓa canzawa ba: uwa ta mai ita ce, amma cikin 'ya'yan da za ta haifa akwai rabon mai kiwo. Da haka ta tara garkenta.

Dela mace ce mai son jin ƙwaƙƙwafi, ba ta barin abu sai ta ga gindinsa. Da ɗanta Gado ya daɗe a Abijan, sai ta so babbar waya don ta riƙa jin muryar jikokinta. Ranar kasuwar Tamaske ta tsaya gaban rumfar wani mai sayar da wayoyi, mai suna Mu'awiya.

"Inna, ba sai kin biya duka yau ba," in ji shi. "Kowane wata ki kawo kaɗan. In kin makara, waya ta rufe kanta."

Dela ta juya wayar, ta leƙa bayanta. "To kafin in gama biya, ta wa ce?"

"Ta kamfani."

"Kiwo ke nan, na san shi. Muryoyin jikokina da za su taru ciki fa, in ta rufe?"

Mu'awiya ya sosa ƙeya. "Da su take rufewa, Inna."

Ta ajiye wayar a hankali. Ta koma wajen dillalai ta sayar da bunsurunta, ta dawo ta sayi wata ƙarama, ta biya nan take.

"Ɗana," ta ce tana ƙulle ta a bakin zane, "duk wanda na yi wa kiwo, in ya zo ɗaukar uwa, yakan bar mini ɗiyan."