Guzurin da Baraka Ta Rage

Baraka ba ta taɓa kwana a wani gari ba, amma duk Illela babu wanda ya san hanya kamarta. A tsakar gida ta san ta, gaban turmi. Mijinta Na'Allah bafatake ne mai jakuna, tun tana amarya ita ke ɗaure masa kaya. In ya dawo sai ta zazzage taikin, ta ga abin da ya ƙare, da wanda ya ruɓe, da wanda ya sha hanya a banza ko taɓa shi ba a yi ba. Kafin Na'Allah ya rasu, matan unguwa sun riga sun saba kawo mata geronsu ta yi wa mazansu guzuri.

Ba ta ɗaure wa kowa kaya sai ta ji inda ya nufa. Mai zuwa kasuwar Ƙwanni ya dawo da yamma, fura a ƙwarya ta ishe shi, in ya nemi ƙari ta ce kwaɗayi ne. Mai zuwa Sakkwato dole ya tafi da riga ta biyu naɗe cikin buzu, don mutanen birni akwai ido. Mai zuwa gaisuwar mutuwa ba ta sa masa kilishi, kada ya raɓe bayan rumbu yana tauna a gidan makoki. Gero zai ɗauka ya kai musu. Fataken Gwanja masu sayo goro kuwa su ne 'yan gatanta. Soyayyen gari take yi musu, da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, man shanu a tandu, ƙyastu na kunna wuta, ga basilla da zare don ɗinke taiki in ya yage. Abu mai laima ko kusa ba ya shiga. In wata ta kawo ɗanyen abu, sai Baraka ta harare ta ta ce, "Ke so kike mijinki shi ci hunhuna bisa hanya?"

Ana nan Nasara suka ci Sakkwato, aka zo aka kafa alama tsakanin Illela da Ƙwanni, wai can na Faransa ne, nan na Ingilishi. Mutane da yawa zukatansu suka tashi, suka riƙa kama hanyar gabas a ƙafa, su nufi Makka. Tafiya ce ta shekaru, masu dawowa ba su da yawa. A lokacin 'ya'yan Baraka mata duk sun yi aure nesa. Ɗanta Maharazu kaɗai ya rage mata, mai sayar da fatu, mutum ne marar surutu. Su biyu ne a gidan.

Wata rana bayan kaka ya tsaya bakin ɗakinta ya ce, "Inna, Sakkwato za ni in kai hwatu. A yi min guzuri." Har ya juya, ya ƙara da cewa, "In salkar Baba tana nan, ki sa min. Da basilla."

"Mi za ka yi da salka hanyar Sakkwato, ga rijiya kowane ƙauye?"

Ya ce kawai dai. Baraka ta dubi takalmansa, ta ga an ninka musu ƙasa da sabuwar fata. Ta tuna shekaranjiya ya ba maƙwabci akuyarsa. Wa zai ɓoye wa Baraka tsawon tafiya? Nan take ta gane gabas ya nufa, kunyar faɗa mata yake ji.

Tsoron zama ita kaɗai ya kama ta, ya hana ta tunani mai kyau. Ba ta roƙe shi ba, don uwa ba ta tare ɗa daga hanyar Makka da baki. Sai ta tare shi da abin da ta iya. Ta kirɓa masa ɗanyar fura, ta dafa wake, ta naɗe riga ɗaya. Ba salka, ba basilla. A ranta, in abinci ya yi tsami a hanya, ya ga bai shirya ba, ai ya juyo gida.

Da safe Maharazu ya buɗe ƙunshin, ya daɗe yana kallonsa. Ɗanta ne, a gindin turmin nan ya girma, ya san abin da fura ɗanya take nufi. Ya ɗaure, ya ce, "Allah shi saka da alheri, Inna."

"Ka maido min da ƙwaryata," in ji ta, ba ta ɗaga kai ba.

Ko azahar ba a yi ba nadama ta rufe ta. Ta hura wuta ta kama suyar gari, ta aika aka sayo kilishi, ta shafe salka da mai. Irin wannan guzuri ba ya haɗuwa a yini ɗaya. Da ta gama ta ɗora a kai, da tsufanta, ta taka har ƙauyen Araba inda ayarin masu zuwa gabas ya taru. Toka ta tarar da kashin jakuna. Wani tsoho ya ce mata tun jiya suka ɗaga.

Ayarin da ya biyo baya ta ba kayan, ta ce in sun gamu da Maharazu ɗan Illela, dogo, marar magana, su miƙa masa. Da shekara ta zagayo ta sake haɗa wani. Haka ta riƙa yi kowace kaka. Fataken Gwanja suka ragu, don goro ya koma biyo jirgin ƙasa, mata suka daina zuwa da gero. Gidan ya yi shiru, sai ita da kaji. Wani lokaci takan yini ba ta yi magana da mutum ba, kewa ta zame mata abokiyar zama.

Ta riga ta ranƙwafa sa'ad da Halliru, wani mutumin Lafani da ta taɓa ba irin wannan saƙo, ya dawo da sunan Alhaji. Ya zo har gida ya durƙusa. Ya ce ya yi cigiya a kowane zango, bai ji ɗuriyar Maharazu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce yunwa ta matsa musu, sun buɗe kayan sun ci, ta yafe musu.

Baraka ba ta ko kula da neman gafarar ba. Ta matso ta ce, "Har ina yak kai ku?"

"Har munka wuce Tabkin Cadi, Inna. Soyayyen garin ko ɗanɗano bai sake ba."

Ta riƙa murza bakin zanenta.

"Ashe da ya kai shi har can," ta ce. "Wanda nib ba shi ko nan garin Gada ba ya kaiwa."