Layi na huɗu a cikin fuloti

Shekarun baya, lokacin da nake koyon aiki a wani ƙaramin ofishin masu awon filaye a Tudun Wada, mu biyu ne 'yan kwamfuta: ni da abokina. Ni na koya masa rubuta 'yan shirye-shiryen da ake maƙala wa manhajar zane. Ku riƙe wannan, don ni ban taɓa mantawa ba.

Wata rana Oga ya kira mu. Yana so kowane fuloti a zane ya ɗauki bayaninsa a ɓoye: sunan mai shi, lambarsa da faɗinsa, in an danna ya fito. "Mutum ɗaya zan iya riƙewa a aiki bayan Salla," in ji shi. "Wanda nasa ya yi aiki, shi ne."

Ni gwani, sai na ajiye bayanan a fayil dabam, na ɗaure kowanne da lambar da manhajar ke ba fuloti. Ashe lambar canzawa take yi in an rufe zane an sake buɗewa. Ranar gwaji Oga ya danna filin wata Hajiya a Hanwa, sai ga sunan wani mai kanti na unguwar Kongo. Ya dube ni ta saman tabarau.

Abokina kuwa a jikin fulotin ya cusa bayanin. A matsar, a rufe, a buɗe, yana nan daram. Oga ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Na ce amin a baki kawai. Ɗalibina fa!

Mako biyu suka rage min, na ƙarar da su wajen neman aibunsa. Wata rana ya fita sallar azahar, na ce zan biyo shi. Na zauna gaban kwamfutarsa na rubuta ɗan shirin da zai zaƙulo duk abin da ya ɓoye a fuloti, ina fatan in ga kuskure ko ɗaya in kai wa Oga. Suna daidai, lamba daidai, faɗi daidai. Sai ga layi na huɗu da ba ya fitowa in an danna: "Waɗanda suka rubuta." Sunana ne a farko, nasa na biye. Na duba fuloti goma, haka yake a kowanne.

Da ya dawo na tambaye shi. Ya ce, "Haba Malam, ai kai ka koya min. Na ma nuna wa Oga, ya ce kujera ɗaya ce."

Na bar ofishin bayan Salla. Har yau aikin nake yi, kuma a jikin abu nake ajiye bayani, yadda na gani a wurinsa. Ƙyashin dai bai tafi ba, sai dai ba na kujerar ba ne yanzu. Na san kaina sarai: da ni na ci, sunana kaɗai zan rubuta.