Bakwai ta Wane Gari?

Ɗiyata ta fari ma'aikaciyar jinya ce. Da aiki ya kira ta Amurka, ranar Asabar da yamma ta bugo mini waya daga filin jirgin Legas. Ta ce, "Mama, gobe da ƙarfe bakwai na safe za mu sauka. Ina taka ƙasa zan kira ki."

Ni iyakar tafiyata Sakkwato, a motar haya. Ban san nisan teku ba, sai na riƙe bakwai ɗin nan gam. Mahaifinta kuwa tsohon soja ne, irin na Zuru da ba a ja musu magana. Ya ce mini, "Jirgi ba motar Mahuta ba ce da za ta tsaya lodin dawa. In an ce bakwai, bakwai ce." Da ma bai faɗa ba.

Lahadi da safe bakwai ta yi, ta wuce, shiru. Na kira lambarta, a kashe. Haka na tafi coci da waya a tafin hannu, ko gaisuwar mutane ban amsa da kyau ba. Tun cikin mako na cika wa matan zumunta baki cewa zan tashi in yi godiya. Fasto ya kira masu godiya, na ƙi motsi. Duk suka juyo suna kallona. Ta kusa da ni ta matso ta ce, "Lahiya dai? Yarinya ta isa?" Na sake duba wayar da ke hannuna. A raina cewa nake, in jirgi ya faɗa ruwa, wa zai tuna da wata mata a Zuru ya gaya mata?

Ban jira a tashi ba na koma gida. Na tarar da Soja a gindin mangwaro, rediyo manne da kunne, yana ta juya tasha. Wai ƙwallo yake nema. Mutumin da ko 'yan wasa nawa ne a fili bai sani ba! Na zauna gefensa, ba wanda ya kalli wani. Tuwon ranar ban ɗora ba.

Rana ta take tsaka, har inuwa ta fara karkata, sai waya ta yi ƙara.

"Ke! Ina kika shige tun safe?"

"Mama, wace safiya? Yanzu gari ya waye mana nan. Bakwai ta ɗan gota."

Ashe bakwai ɗin da ke kan tikiti ta agogon can ce. Duk lokacin da nake mutuwa ina tashi a kan bencin coci, ita tana sama tana barci, ba su ma hango ƙasa ba. Dariya ta zo mini tare da kuka, na zame na zauna a ƙasa da zanen cocina. Irin sanyin da na ji a raina, ban taɓa jin kamarsa ba tun ranar da na haife ta.

Uban ya miƙo hannu, na ba shi wayar. Na zaci faɗa zai yi. Ya daɗe riƙe da ita yana gyaran murya. Can ya ce, "Kin dai ci abinci?"