Usta Jibirin da Faifan Birkin da Aka Huda

Da an idar da sallar asuba Usta Jibirin yake buɗe warsharsa, wato garejin da ke bayan tashar Mai Wurno. Ya share ƙasa, ya jera sifanu bisa tsohon buhu, sannan ya ɗauki ƙaramar gudumarsa ya zaga hafloli, ƙananan bas ɗin da ke jigila zuwa Sennar. Ya duƙa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya kasa kunne. Ba wanda ya sa shi. Shekara talatin da shida ke nan yana yi. Ranar Alhamis zai rufe warshar don idonsa ya yi rauni, kuma har yau ban ji wanda ya ce a taru a gode masa ba.

A rumfar Fadimatu mai shayi, kusa da warshar, samarin direbobi ke zama da la'asar su haɗa kai bisa waya suna kallon tseren motoci na Fomula. Kallon ba ya kai gardamar tsawo. Me ya sa mota mai launin ruwan lemo ta tsere wa sauran? Wannan ya ce fiffikenta ne ke lanƙwasa idan iska ta matsa. Wancan ya rantse sirrin na ƙarƙashinta, inda ba a barin kowa ya leƙa. Muzammil, ɗan ƙanwar Jibirin, shi ya tsaya a kan birki. Ya ga hoton faifan birkinsu cike da ƙananan huji, ya yanke cewa da su mota ke shan iska, birki ba ya zafi, direba ya yi gudu har bakin kwana kafin ya taka.

Jibirin yana jin su, kuma shi ma yana son tseren. Sau da yawa Fadimatu ta gan shi ya ajiye sifana ya leƙo. Amma shekara huɗu da suka wuce, da Muzammil ya zo masa da faifai biyu na haflarsa ya ce a huda, sai fuskarsa ta canza.

"Kawu, huji ashirin-ashirin kawai. Ka ga yadda nasu yake."

"Nasu ba ƙarfe ba ne irin naka," in ji Jibirin. "Da hujinsa aka ƙera shi. Mutum ɗaya motar ke ɗauka, in ya ci tsere ɗaya ko biyu a jefar da shi. Kai mutum sha huɗu kake ɗauka da buhunan albasa."

"Ai ku tsofaffi ba ku son ci gaba."

"Ɗauke su ka mayar yadda suke."

Bai mayar ba. Ya aro injin huji ya yi da kansa a tsakar gida.

Bayan kwana tara, ranar kasuwa, Jibirin na zagayensa ya iso haflar Muzammil. Ta cika, mata da kwanduna, dattijo guda da za a kai asibiti. Ya duƙa ya leƙa ta bayan taya, ya ga hujin. Ya miƙa hannu ta taga ya zare makulli, ya sa a aljihun jallabiyarsa, ya zauna a ƙasa gaban motar.

Abin da ya biyo baya shi ke ba ni haushi har yau. Direbobi suka yi masa caa. Wani ya fizge shi, hularsa ta faɗi cikin baƙin mai. Fasinjoji suna ta faɗa wai zai sa kasuwa ta wuce su. Osman, shugaban tasha, ya zo ya ce, "Usta, ba da makullin nan, kada ka ja wa kanka."

Jibirin ya ce, "A ɗaga motar a cire taya. In faifan lafiya yake, na bar tashar nan har abada."

Aka ɗaga. Jibirin ya ƙwanƙwasa faifan hagu sau ɗaya, irin bugun da yake yi kullum, sai ya rabe biyu ta kan layin hujin ya faɗo ƙasa. Muzammil ya ce ai shi ya fasa da guduma. Jibirin ya zaga ɗaya gefen. Ya sa aka cire tayar dama, ya kama yatsan Osman ya bi da shi kan tsagar da ta riga ta haɗa huji shida. Osman ya janye hannunsa.

Kuna tsammanin an gode masa? Fasinjoji suka koma wata mota suna gunaguni. Direbobi suka ce ya kunyata ɗan'uwansu a gaban mutane, suka ƙaurace wa warsharsa wata huɗu. Asma'u mahaifiyar Muzammil, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ta shekara ba ta taka gidansa ba. Fadimatu ta ce a watannin nan kullum yana buɗewa da asuba, ya zaga motocin mutanen da ba sa gaishe shi, in ya ji abin da bai yarda da shi ba ya faɗa wa mai motar, ya wuce. Da ta tambaye shi me ya sa, ya ce, "Su ne ke fushi da ni. Waɗanda ke hawa ba su yi mini komai ba."

Usta Jibirin, kai ne mai kunnen da ke jin ciwon ƙarfe. Kai ne, da yaƙi ya yanke hanyar kayan gyara, ka riƙa ciro na matattun motoci kana gwada su ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ka amince da shi ba ka farfasa don kada wani ya tsinta ya ɗaura. Laifinka a wurinmu shi ne ba wanda ya mutu. Da motar nan ta kife a hanyar Sennar, da mun cika gida da kuka muna cewa ina ma wani ya hana. Ka hana, muka tsane ka.

Samarinmu sun san sunayen injiniyoyin Turai da ba su taɓa gani ba, suna iya yini suna gardama kan fiffiken motar da ba za su taɓa hawa ba. Su yi, ba laifi ba ne. Amma duk wanda ke riƙe da sitiyari ko sifana a garin nan, ya koyi cewa a'a idan a'a ce gaskiya, ko da ɗan ƙanwarsa ne ke tsaye gabansa.

Mun gode, Usta. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka lafiya.

Kai kuma Muzammil, kana nan kana tuƙi, an haifa maka 'ya'ya mata biyu bayan ranar nan. Shekara huɗu kana wuce warshar kawunka kana kau da kai. Kwana uku suka rage a rufe ta. Ka je.